Injin Bakin Ƙofa

Tun a cikin mota Auta ta san yau jikin Umma ya yi tsanani. Tsohuwar ba ta gyara wa mai tasi tuƙi ba, ba ta ce ya rage rediyo ba, ta dai jingina kai da gilashi tana jan numfashi ta baki kamar wadda ta hau bene da kaya. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai silifas ɗin wanka Auta ta zura mata. Wankin ƙodar da ya kamata a yi mata a zuwan da ya wuce bai yiwu ba, don injinta ya lalace. A sashen nan kuwa kowane inji da masu shi, na safe da na rana, ba a ɗaga wani a sa wani. Ruwa ya taru a jikin Umma har ya fara hawa ƙirji.

Ɗakin wankin dogo ne, gadaje a jere gefe guda, kowane gado da injinsa a tsaye wajen kai. Warin maganin goge ƙasa bai gama fita ba. Injin Umma shi ne na bakin ƙofa, wanda ya fi kowanne tsufa, fentinsa ya koɗe daidai inda ake dafawa. Na jikin taga kuma na Baba Direba ne, tsohon direban bas ɗin ma'aikata, wanda kullum yake riga kowa zuwa, ya rataye hularsa a ƙarfen ƙarin ruwa, ya miƙe kamar a falonsa. Sun daɗe shi da Umma suna faɗan wasa a ɗakin nan, ita tana ce masa malalaci mai barci a bakin aiki, shi yana ce mata ta cika satar shan ruwa.

"Hajiya, yau kin makara," ya ce daga can. "Na ɗauka kin warke ne kin ƙi sanar da mu."

Umma ta ɗaga masa hannu kawai. Ya dubi ƙafafunta, ya dubi Auta, ya bar wasan.

Auta ba likita ba ce, duk da dangi suna ce mata Dakta in suna jin tsokana. Ɗalibar kimiyyar sinadarai ce, tana kan digiri na uku, kuma ciwon Umma ne ya zaɓar mata abin da za ta bincika. Injin wankin ƙoda, in aka buɗe cikinsa aka yi gyara, sai an wanke hanyoyinsa da magani mai ƙarfi, wanda a ciki akwai haidirojin, ruwan nan da ke kumfa in an zuba a kan ciwo. A kan ciwo ba shi da laifi. Amma in ya yi saura a cikin inji ya haɗu da jinin mutum, farfasa ƙwayoyin jinin yake yi. Mutum na kwance yana hira sai ya ce ƙirjinsa na zafi, bayansa na sara, kafin a ankara magana ta zama babba. Shi ya sa bayan an ɗauraye inji sai an tsoma wata 'yar takardar gwaji a ruwansa, in ta yi shuɗi to akwai saura. Sai dai abin da ke sa takardar canza kala, enzaim, daga saiwar wani tsiro ake samo shi, kuma sangartacce ne na ƙarshe. Zafi kaɗan ko laima kaɗan ya isa ya kashe shi, takarda ta zauna fara fat ko da a cikin jarkar maganin aka tsoma ta.

Abin da Auta ta ƙera ba ruwansa da enzaim. Wani ɗan tsinke ne kamar biro, a bakinsa ta shafa baƙin haɗi na garin azurfa da wani irin garin gawayi, ƙwayoyinsu ƙanana ne har madubin duba jini ba ya ganinsu. In haidirojin ya taɓa azurfar sai ya tarwatse ya motsa 'yar wutar lantarki, waya ta kai wa wani akwati mai girman sabulu, layi ya tashi a fuskar kwamfuta. In babu haidirojin, layi ya kwanta. Likitan sashen ya yarda, da ƙyar da jiɓin goshi, ta riƙa ɗibar ruwan injinan a kwalba tana kaiwa ɗakin bincikensu na jami'a tana aunawa, a gwada da abin da takarda ta ce. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mata: wannan gwaji ne kawai, kada a ɗora kowa a kan inji bisa maganar tsinke. Yau ma ta zo da kayan a jaka ne don ya ce yana son ya ga abin da idonsa in ya fito daga tiyata.

Ba ta gama kwantar da Umma ba Sista ta yafuto ta. Sista ita ce babbar nas ɗin sashen, mace mai tafiya kamar ana binta, wadda ba ta iya tsayawa ta yi magana sai hannunta na naɗe wani abu. A bayanta Injiniya ne, mai kula da injinan, riƙe da gwangwanin takardun gwaji, fuskarsa a murtuke.

"Sun mutu," ya ce. "Sabon gwangwani ne, jiya aka kawo, ashe wuni ya yi a mota a rana. Na tsoma ɗaya a cikin maganin kansa, ko gezau."

"Na kira sito," in ji Sista. "Sun ce sai bayan azahar, in an yi sa'a. Kin san sa'arsu. Sauran injinan da ruwan zafi aka wanke su, ba sa buƙatar gwaji. Na Mama ne kawai, don jiya Injiniya ya canza masa bawul, makullin ruwan da ke cikinsa, da safen nan ya wanke da magani."

"An ɗauraye?" Auta ta tambaya.

"Yadda littafi ya ce, har na ƙara," in ji Injiniya.

"Ni dai ba na ɗora mutum sai na ga gwaji," Sista ta ce. Ta waiwaya ta dubi Umma, wadda ta kasa kwanciya ta tashi zaune ta dafa gwiwoyi. Ta rage murya. "Abin naki yana nan? Tunda kika fara bai taɓa saɓa wa takarda ba. Likita yana tiyata, wayarsa a kashe. Mama ba za ta kai azahar a haka ba tare da ta galabaita ba."

A faɗi gaskiya, kafin tsoro ya zo wa Auta, daɗi ne ya riga shi. Ta sha zaman jira a bakin ofisoshi da wannan tsinke. Ta sha jin ƙannen Umma suna tambayar wai har yanzu karatun nan bai ƙare ba, wai me ake dafawa ne haka. Ga shi yau asibiti guda ya tsaya cak yana jiran abin da ta haɗa da hannunta, kuma wadda za ta fara amfana uwarta ce. Ta ce yana nan, tun Sista ba ta rufe baki ba.

Akwai wani ɗan ɗaki a gefe inda ake wanke hannu da ajiye jarkoki. Nan ta buɗe kwamfuta a kan kanta, ta jona akwatin, ta zare tsinken daga gidansa. Sista da kanta ta ɗebo ruwan injin a ɗan kofin roba, ta ajiye mata a gaba, ta tsaya a kafaɗarta, wayarta na ta ruri a aljihu. Auta ta tsoma tsinken. Layin ya yi tsalle sama, kamar yadda yake yi duk tsomawar farko, ya fara saukowa a hankali. Ta jira. Daga ɗakin wanki tana jiyo tarin Umma, irin mai ruwa-ruwa. Layin ya daina sauka, ya miƙe ya kwanta. Yatsanta ya danna maɓallin sifili.

"Me ya ce?" Sista ta leƙo. "Wannan sifili ne nake gani?"

"Sifili ne."

"Babu saura ke nan."

"Babu."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Sista, ta riga ta kai ƙofa.

Auta ta saki ajiyar zuciya. Hannunta ya shiga jaka ya ɗauko 'yar kwalbar haidirojin da take gwaji da ita, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kofin. Layin ya zabura sama, tsaf, gwanin sha'awa. Ta yi murmushi. Sai murmushin ya tsaya mata a fuska, don ta tambayi kanta me ya sa ta ɗiga.

Ta san amsar. A ɗakin bincike haka ake yi, haka ta yi har ba ta san adadi ba: kofin farko na ruwa mai tsabta ne, ka tsoma tsinke, ka jira layi ya kwanta, ka danna sifili, sannan ka kawo abin da za ka auna. Hannunta ya haddace wannan kamar yadda ya haddace ɗaura ɗankwali. A can kofin ruwa mai tsabta kullum yana kan benci yana jiranta, ba sai ta tuna da shi ba. A nan kofi ɗaya aka ajiye mata, hannun kuwa bai tambayi kofin mene ne ba. Ta leƙa jakar. Kwalbar ruwa mai tsabtan tana nan kwance, murfinta da ledarsa, ba a ko taɓa ta ba.

Abin da ta yi daidai yake da ka ɗora kwano cike da gari a kan sikeli, ka mayar da allura sifili, ka ce kwanon babu komai. In akwai haidirojin a ruwan injin, ita da kanta ta ce wa akwatin ya ɗauke shi a matsayin babu. Ta kuma tuna cewa layin bai sauko ƙasa sosai ba kafin ya kwanta. Ko ya sauko? Ta kasa rantsewa, don idonta na kan layin amma kunnenta na wajen tarin Umma. Kofin da zai raba gardama kuma ta ɓata shi da ɗigon da ta zuba.

Gyaran ba wuya. Ta fita ta ce wa Sista ta yi kuskure, a ɗebo wani ruwan. Ta tsaya riƙe da bakin kanta tana hango abin da zai biyo baya. Sista ba za ta sake yarda da tsinken da mai shi ta ce ta yi kuskure da shi ba, ko sau nawa aka sake aunawa. Za ta kashe injin ta ce a jira takarda. Likita zai ji cewa an karya sharaɗinsa, ya kore ta da kayanta, Sista ma ta sha nata. Duk wannan da sauƙi. Umma ce za ta zauna a kujera har bayan azahar, ko har gobe, tana neman iska kamar kifin da aka fitar.

To ta yi shiru ke nan? Injiniya ya ce ya ɗauraye har ya ƙara. Tunda ta fara ɗibar ruwa a nan ba a taɓa samun saura ba. Kusan tabbas injin nan lafiyarsa lau. Ta maimaita wa kanta wannan sau da yawa, amma duk maimaitawar sai ta ga jinin Umma yana bin bututu yana shiga injin.

Ba ta zauna ta ƙulla abin da ta yi daga nan ba. Ya zo mata ne a shirye, tun kafin ta kai ƙofar ɗan ɗakin, kuma saurin zuwansa ya ba ta tsoro. Ta fito ta tarar Sista na ɗaura sababbin bututu a injin bakin ƙofa.

"Sista, da za a mayar da Umma jikin taga," ta ce. "Kin ga yadda take haki. Can ne kusa da tukunyar oksijin, nan kuma kowa ya buɗe ƙofa sai sanyin waje ya buge ta."

Sista ta yi ɗan tsaki, ba na ƙi ba, na ƙarin aiki. "Sai in Baba ya yarda. Gadonsa ne."

"Wane irin in na yarda?" Baba Direba ya riga ya sauko da ƙafa ɗaya yana laluben takalmi. "Hajiya, zo ki hau gadon sarauta. Amma aro ne, kada ki saba. Ni bakin ƙofa ma ya fi mini, duk wanda ya shigo ni zan fara gani, in mai kawo abinci ne ni zan fara karɓa."

Ya sauke hularsa daga ƙarfe, ya ɗauki 'yar rediyonsa, ya taho yana jan ƙafa. Da ya zo giftawa ta gaban Auta ya tsaya. "Dakta, an ce ke kika duba mini motar yau. Birki lafiya?"

"Lafiya, Baba," ta ce. Muryarta ta fito daidai, abin da ya ƙara mata jin ƙyamar kanta.

Ta kama Umma suka taka a hankali har jikin taga. Aka sa mata abin shaƙar oksijin a hanci, Sista ta ce a bar ta numfashinta ya ɗan daidaita, bari ta fara ɗora Baba tukuna. Auta ta zauna a bakin gadon ta juya wa ƙofa baya. Ta gyara filo. Ta sake gyara shi. Ta ja mayafi ta rufe ƙafafun Umma, ta ga bai yi ba, ta janye.

"Ke," in ji Umma, a hankali, tsakanin numfashi biyu. "Tun yaushe sanyin ƙofa ya fara damuna?"

"Umma, ki daina magana, ki shaƙi iska."

"Dube ni."

Auta ba ta dube ta ba. Ta dubi gilashin taga, sai ga ɗakin duka a ciki, har da abin da ta juya wa baya. Baba ya miƙa hannunsa na hagu, wanda jijiyarsa ta yi tudu-tudu saboda yawan huda. Sista ta goge wurin da auduga. Yana ba ta labarin jikarsa da ta fara tafiya, wai da ta gan shi sai ta nufo shi kamar mota babu sitiyari. Allura ta farko ta shiga, ya ɗan ja iska ta haƙora, ya ci gaba da labarin. Ta biyu ta shiga. Sista ta manna filasta, ta ɗauko jan bututu ta murɗa shi a bakin allurar, ta sa bakin shuɗin bututu, wanda ke mayar da jini jiki, a bokiti don ruwan gishirin da ke ciki ya zube tukuna.

Kusan tabbas lafiya lau ne, Auta ta ce a ranta. In kuwa lafiya lau ne, me Umma take yi a jikin taga? Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga kunya a kansa, kuma duk da haka bakinta ya ƙi buɗuwa. Ta ji ƙarar ɗan makullin bututu da Sista ta buɗe, ta ji famfon injin ya fara juyawa.

Ta waiwaya. Jinin Baba ya fito daga hannunsa yana hawa bututun a hankali, ja mai duhu, yana tura farin ruwan gaba. Ya wuce ƙarfen gado. Ya zagaya famfon. Gabansa kaɗan matatar ce, farin gwangwanin nan inda jini ke haɗuwa da ruwan inji.

"Sista, tsayar da shi."

Sista ta ɗago. "Me?"

Auta ba ta san lokacin da ta ratsa ɗakin ba. Ta sa tafin hannu ta danne maɓallin tsayarwa, injin ya ɗauki ƙara, jinin ya tsaya cak a cikin bututu, bai fi tsawon yatsa ba tsakaninsa da matatar. Sista ta matse makullin kafin ta yi tambaya, don hannunta ya fi bakinta sauri.

"Kin haukace ne?"

"Gwajin da na yi ba daidai ba ne," in ji Auta. "Ban auna komai ba. A cikin ruwan injin na danna sifili. Ban san ko akwai saura ko babu ba."

Injin na ta kuka. Sista ta kashe ƙarar. Ta yi wa Auta kallon da ba ya buƙatar fassara, ta ce wa Injiniya ya ɗebo ruwa, ta ce wa Auta ta kawo kayanta nan, gaban kowa, ba a ɗan ɗaki ba.

A kan teburin magunguna ta yi. Ta yage ledar kwalbar ruwa mai tsabta da haƙori. Ta wanke tsinken, ta tsoma a ruwa mai tsabta, ta jira. Wannan karon layin ya sauko har ƙasa kafin ya kwanta, kuma tun a nan ta san abin da za ta gani. Ta danna sifili. Ta ɗaga tsinken ta mayar cikin kofin da Injiniya ya kawo. Layin ya tashi, ya ci gaba da tashi, ya je ya tsaya a sama ya ƙi saukowa.

"Wannan nawa ne?" Sista ta tambaya.

"Ya ninka abin da aka yarda da shi sosai."

Injiniya ya yi salati ƙasa-ƙasa, ya durƙusa bayan injin ya buɗe murfi. Can ya ce sabon bawul ɗin ne yake maƙalewa, wani lungu bai samu ɗauraya ba. Zai gyara, ya sake ɗaurayewa, amma abin zai ɗauki lokaci. Sista ta juya wajen Baba. Ta cire jan bututun daga hannun Baba, ta wanke allurar da ruwan gishiri, ta duba idonsa, ta auna jininsa, ta tambaye shi ko yana jin wani abu a ƙirji. Ya ce babu. Bakin shuɗin bututun yana cikin bokiti har yanzu, ko ɗigo bai koma jikinsa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da Auta ta fita da kunya kawai, wataƙila har da 'yar godiya. Baba ma ya buɗe baki kamar zai yi wasa, ya ce birkin ya kama a kan gaɓa. Sai ya dubi gadon jikin taga, ya dubi inda yake kwance, yana lissafi a ransa. Mutumin da ya yi shekaru yana kallon fasinja ta madubi ba a cika ɓoye masa abu ba.

"'Yata," ya ce. Bai ce Dakta ba. "Lokacin da kika ce a yi canjin gado, kin riga kin sani?"

Tana iya cewa a'a. Ba wanda ya ga kwalbar a jaka sai ita.

"Ban tabbatar ba, Baba."

"Amma kin yi zato."

"Na yi."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa farashin abu. Bai zage ta ba, bai ɗaga murya ba. Ya kai hannunsa mai lafiya ya kashe rediyon da ke ta magana a kan cikinsa, ya mayar da ido silin.

Motsi aka ji daga jikin taga. Umma ce ta zare abin oksijin daga hancinta, ta zuro kumburarrun ƙafafunta ƙasa tana neman silifas.

"Mama, koma ki kwanta," in ji Sista. "Yanzu zan ɗora ki. Wannan injin lafiyarsa lau."

"Na sani. Nasa ne."

"Mama, ke kika fi kowa buƙata a ɗakin nan. Baba zai iya jira, ke ba za ki iya ba."

"Ba zan hau ba." Ta tsaya ta ja numfashi. "Ba da izininsa aka karɓa ba. Yaudararsa aka yi."

"Hajiya, ki zauna," Baba ya ce, idonsa na silin. "Ni na ba ki."

"Ka ba ni don sanyin ƙofa. Babu sanyin ƙofa."

Sista ta roƙe ta, ta yi mata faɗa, ta ce za ta aika a fito da Likita daga tiyata. Umma ta naɗe hannunta mai jijiyar a cikin mayafi ta rungume shi a ƙirji. Duk wanda ya san ta ya san an gama magana, kuma ba a soka wa mutum allura da ƙarfi. Auta ta durƙusa a gabanta tana kuka sosai yanzu, tana cewa laifinta ne, ita za a hukunta, don Allah Umma ta hau. Umma ta dubi saman kanta kamar ba kowa a wurin, ta dafa kafaɗar Injiniya ta miƙe.

A tsakiyar ɗakin suka haɗu, Baba da allurai biyu manne a hannu Sista na riƙe da shi, Umma tana jan silifas. Ya tsaya kamar zai sake cewa wani abu, ta girgiza masa kai, ya wuce. Aka kwantar da shi a jikin taga, aka ɗora shi, jininsa ya zagaya ya dawo lafiya. Bai kunna rediyon ba.

Umma ba ta iya kwanciya, don haka aka sa mata kujera kusa da injin bakin ƙofa, aka jawo tukunyar oksijin da ƙyar har wurin. Leɓɓanta sun fara yin duhu. Sista ta sake kiran sito, ta sake kiran tiyata, ta dawo ta tsaya a kan Auta.

"In ya gama ɗaurayewa kafin takarda ta zo, ba ni da abin aunawa sai naki," ta ce. "Ba don na yarda da ke ba. Duk kofin da za ki taɓa ina tsaye, kuma ki faɗa mini da baki abin da kike yi kafin ki yi."

"To."

Injin ya fara ɗauraya, ruwa na gudu a cikinsa yana fita ta bututun ƙasa. Auta ta jera kofuna biyu a kan tebur. Ta ga robar oksijin ta zame daga kunnen Umma, ta miƙa hannu za ta gyara. Umma ta kama hannun ta mayar mata da shi, ba da ƙarfi ba, ta gyara abinta da kanta.

"Je ki yi aikinki," ta ce. Sai da ta huta kafin ta ƙarasa. "Ki auna da kyau. Ni zan hau."

Auta ta koma tebur. Ta ce ruwa mai tsabta, ta tsoma, ta jira, ta ce sifili, ta danna. Injiniya ya miƙo kofin farko na sabuwar ɗaurayar. Ta ce ruwan inji, ta tsoma tsinken. Layin ya tashi, bai kai na ɗazu ba, amma ya tashi. A bayanta tana jin kowane numfashin Umma, da tazarar da ke tsakaninsa da na gaba.

"Da saura," ta ce.